Layi Bai Zo Kan Ta Uku Ba

"Na'urori uku masu basira ne ke shawarar sallamar marasa lafiya a asibitin nan, bi da bi," in ji nas ɗin. "Mai lura da gadaje ta fara, mai duba hoton ƙirji ta biyo. Da bakinsu ya zo ɗaya, aka rufe zancen, aka sallami 'yarka."

"Ta ukun fa?" uban ya tambaya, yana juya takalmin marigayiyar a hannu.

"Ita ke duba jini. Ta ga cutar, amma layi bai zo kanta ba. Malam, ka kai ƙarar wanda ya tsara abin nan."

Uban ya miƙe ya nufi gida. A falonsa, kusa da hoton yarinyar, lambar yabon da kamfanin na'urorin ya ba shi tana rataye. Shi ne ya rage wa na'urorin surutu: in bakin biyu ya zo ɗaya, a rufe zance.