Gidan da Ya Yi Toka

Tun da hukuma ta shafe unguwar da fenti ruwan ɗorawa, aka daina kuka a gidaje. Fentin yana jin baƙin ciki. Da an zubar da hawaye sai bango ya koma ruwan toka, gidan da ya yi toka kuwa ya ɓata kyan birni, mota ke zuwa ta kwashe mutanensa. Ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba.

Ranar da aka binne mijin Kuluwa, maƙwabciyarta Inna Tabawa ta shigo ta'aziyya tana washe baki.

"Allah ya jiƙan Malam," in ji ta. "Yi dariya, 'yar nan, motarsu na zagaye."

Kuluwa ta yi ta dariya har maƙogwaronta ya yi zafi. Da ta rako tsohuwar, ta dubi bangon waje, yana nan da launinsa. Ta sauke ajiyar zuciya.

Sai Inna Tabawa ta damƙe mata hannu. "Ina Shatu?"

"Tana ɗaki, barci take."

Tsohuwar ta nuna ƙasan taga. Toka ce ke yaɗuwa a wurin, daidai tsayin yarinya 'yar shekara huɗu. A bakin layi, motar ta rage gudu.