Sambon da Raliya Ta Rasa

Ranar Laraba bayan azahar, cikin ranin 1984, na tashi daga ofis na sami Raliya a bakin gadar Kadawa, inda take sayar da nono. Shekararta biyu da rasuwar mijinta. Na jingine kekena, na ce mata ina so in tura manya wurin baffanta.

Ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana juya ludayi cikin ƙwarya.

"Malam, wa ya sa maka Sambo?"

"Kakata. Ban taɓa tambayar dalili ba."

"Sunanmu ne, na Fulani. Ɗa namiji na biyu ake ce wa haka." Ta dubi babban kanal ɗin ruwan noman rani da ke bayana. "Ni ma na yi Sambo. A nan ya faɗa bara, yana bin maraƙi."

Na ce mata sunana na yanka Muhammadu, in ta so kuma ta bar shi a Malam ɗin.

"Ni dama ba zan kama sunan miji ba," in ji ta. "Amma abokanka za su tsaya a ƙofar gida su ce, Sambo na ciki? Innarka za ta ƙwala maka kira daga ɗaki. Kullum sai na miƙe in duba."

Ta rufe ƙwaryar da faifai, sannan ta dube ni, idonta ya ciko.

"Da Bala kakarka ta sa maka, da na ce ka turo su gobe."