Tsohuwar da Ta Tare Hanya

"Kaka, matsa mana." Gethin ya sake danna hon. Tsohuwar da ke tuƙa motar gabansa ta ƙi wuce gudun mil ashirin a awa.

Saura minti huɗu a rufe ƙofar ajin gyaran halin direbobi masu gudun ganganci, kuma ba a shigar da wanda ya makara. Makin laifi tara ke kan lasisinsa. In ya rasa ajin, a ƙara uku, a ƙwace lasisin, tuƙin tasi ya ƙare.

Ya zage ta, ya wuce ta a guje daidai ƙofar firamare. Kyamarar titi ta haska.

Ya faɗa ajin yana haki. Babu malami.

Can sai ga tsohuwar, da rajista a hannu.

"Da ka biyo ni a hankali, ɗana. Ba a farawa sai na iso."