Furen da Baƙo Ya Yaba

An yi wani manomi da aka haifa a gindin wani ƙaton dutse, ya yi furfura a nan, amma bai taɓa hawansa ba. A ganinsa hawan dutse aikin birai ne da baƙi. Da Allah ya buɗa masa har ya sayi babur, sai ya sauƙaƙa wa kansa noma: ya bar wa 'ya'yansa fartanya, shi ya riƙe zagaye. Da hantsi yakan bi hanyar da ta kewaye gonar, ya ga dawa ta yi kore shar ta shanye tsayinsa, ya tambayi samarin yaya cikin yake, su ce, "Lafiya lau, Baba." Abin da bai sani ba, masu amalanke a bakin hanya suke juye taki su koma, domin su ma ba su ƙi sauƙi ba. A kan wannan lafiya lau ɗin ya buɗe rumbu ya rabar da tsohuwar dawa ga dangi, tun da sabuwa na tafe, alhali gidansa cike yake da bakunan ci.

Ana nan sai wani tsohon abokinsa ya zo daga birni, ya ce shi dai dutsen nan ya zo gani. Baƙo ba a watsa masa ƙasa a ido. Suka kama hawa, suka wuce falalen da mata ke shanya kuɓewa, mai gida na haki yana tsine wa yawon buɗe ido a zuci. Da suka kai ƙololuwa, gonakin gari suka shimfiɗu a ƙasa kamar tabarmi. Ya miƙa hannu zai nuna tasa, hannun ya tsaya cak. Gonar ta koma kamar kan mai sanƙo, gefe cike, tsakiya wayam. Dawar ciki ko gwiwa ba ta kai ba, ta yi ja ta ƙanjame, wani fure mai ruwan hoda kuwa ya malale ko'ina a tsakaninta.

Baƙon ya ce, "Kai mutumina, ashe har furanni kake nomawa? Wallahi duk filin nan babu mai kyan taka."

Mai gona kuwa ya gane furen. Wuta-wuta ce, ciyawar da ke tsotse dawa tun daga saiwa, wadda in ta kai ga fure ta gama da bana, ta kuma zuba irin baɗi da na baɗin baɗaɗa. Ya zauna daɓas a kan dutsen da rana ta gasa, bai ma ji zafin ba, bakinsa sai salati. Abokin ya ɗauka gajiyar hawa ce, ya cire hula yana yi masa fifita.

Ai Hausawa sun riga sun faɗa: gani ya kori ji.