Yatsa na Shida

Ungozoma ta buɗe hannun jaririn. Yatsu shida ne.

Mai jego ta sake ƙirga su. Duk Matameye mutum ɗaya aka sani da cindo, maɗinkin da ya taɓa neman aurenta. Mijinta kuwa ya daɗe a Kano wajen fataucin gyaɗa. Ba ta aikata komai ba, amma wa zai rufe bakin gari?

"Inna, ɗaure shi da zare ya faɗi kafin suna," ta raɗa wa ungozoma.

Sai ga uwar mijin ta shigo. Ta daɗe tana duban ɗan hannun, sannan ta juya nata. Ga tsohon tabo gefen ƙaramin yatsa.

"Ni ma an ɗaure nawa ina jaririya," in ji tsohuwar. "Cindon ya tsallake ubansa, ga shi ya dawo gida. Kada wanda ya sa masa zare."