Jamusancin Malam Linke

Malam Gavin Linke ya tura faifan fim cikin na'ura, ya lallaɓa bayan aji ya zauna, yana addu'ar kar wani ya ɗaga hannu.

Shi fa malamin kafinta ne. Abin da ya gada na Jamusanci daga kakansa, suna ne kawai da zagi guda biyu. Amma ranar da yake neman aiki, don burgewa, ya rubuta cewa yana ɗan taɓawa. Da malamar Jamusanci ta faɗo daga kan doki ta karye a ƙugu, shugabar makaranta, Madam Coulter, ta zaro takardar nan.

"Gavin, 'yan aji ɗaya naka ne, sati takwas. Linke guda, ai a jininka yake! In baƙuwarmu ta Jamus ta yaba, zan sabunta maka kwantiragi."

"In ba ta yaba ba fa, ranki ya daɗe?"

"Ai ka san inda ƙofa take."

A kasuwar coci ta garinsu Tanunda ya tsinci faifan, tsirara ba kwali. Tsohuwar da ta sayar masa ta ce marigayi mijinta ne ya zo da shi daga can Turai. Labarin wani mutum ne da aka sace wa keke, yana bin bakin ruwa gada bayan gada yana cigiya. Ba fassara a ƙasa.

Dabarar Malam guda ce: a kunna, a tsayar, a maimaita.

Wata ɗaliba, Tegan, ta ɗaga hannu. "Malam, ba haka malamarmu take cewa ina kwana ba."

"Ita na littafi ta koya muku. Wannan na cikin gari ne. Maimaita!"

"Malam, me mai keken ya ce wa ɗan sanda?" in ji Brodie, yana ƙunshe dariya.

"Dubi fuskarsa mana, sarkin tambaya. Ka ga alamar gaisuwa?"

Sau biyu yana zuwa ofis don ya tona kansa. Sau biyun Madam Coulter na kan waya, ta ɗaga masa babban yatsa, ya juyo bai faɗa ba. Yara kuwa sai gogewa suke. Ko a filin ƙwallo ka ji suna karta maƙogwaro kamar masu kaki, shi ko bai san ko zaginsa suke ba.

Ranar ta zo. Iyaye sun cika zaure, baƙuwa Madam Ehlers tana layin gaba. Yara suka yi fim ɗin tsaf da ka, har da keken aro.

Baƙuwa ta karkata kai. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Malam Linke ya jingina da bango, rigarsa sharkaf da gumi, yana tunanin abin da zai gaya wa matarsa.

Tafi ya ɓarke. Madam Ehlers ta taso ta kama hannunsa gam.

"Shekara ashirin ina zagaya makarantu, ban taɓa ganin yaran da suka kama harshe haka a sati takwas ba. Malam, ka iya aikinka."

Madam Coulter ta washe baki. Malam Linke ya sauke numfashin da ya riƙe tun ranar farko.

Baƙuwa ta koma kujerarta, ta gyara zama. "To madalla, yaren Holland ya zauna daram. Yanzu sai su yi mana na Jamusancin."