Ɗan Zulai, Na Goma

Tun da ƙyanda ta dawo garin, ta bayan gilashi ake yin barka. Mata su jeru a tsakar gida su leƙa jariri ta taga. Ba mai shiga ɗakin maijego sai mai tabon allurar rigakafi.

Malama Asabe ta nuna wa ungozoma damtsenta, aka buɗe mata ƙofa. Maijegon, Zulai, wadda Malama ta koyar a aji uku, ta miƙa mata yaron tana kallon tabon.

"Malama, da zafi?"

"An ce na yi kuka. Ni dai ban tuna ba."

"A waya kowa cewa yake tana hana haihuwa."

"Tara na haifa, 'yata. Da ta rage mini ko biyu ne, da na huta."

Zulai ta yi dariya har tana riƙe ciki. Malama ta fito da takarda daga jaka. Motar rigakafi ba ta shigowa unguwa sai an tara sunayen yara goma, kuma wata huɗu ke nan takardar tana kan tara.

"Babansa fa?" in ji Malama.

"Ya yarda. Ya ce ya gaji da ganin Inna tana wasa da jikanta ta taga. Amma ai ba a raɗa masa suna ba."

"Rubuta ɗan Zulai. Ya isa."

Zulai ta rubuta a hankali, da rubutun da Malama ta koya mata. A waje Inna ta manna tafin hannunta a gilashin, daidai kan yaron.